Itacen Kabarin Baba Iro

"Ɗan ɗago masa kai, hular ba ta fito ba," in ji Hajiya Munawwara.

Malam Sabi'u ya zura hannu ƙarƙashin ƙeyar Baba Iro ya ɗago shi daga kan matashi. Wuyan tsohon ya yi zafi rau, kuma ba nauyi ko kaɗan. Koriyar hular da aka ɗora masa, mai tambarin Gamayyar Inuwar Gobe, ta zamo ta rufe masa ido ɗaya. Hajiya ta miƙa yatsu biyu ta gyara ta, sannan ta goge yatsun da gefen mayafinta. Mai kyamara ya durƙusa a bakin gado yana neman inda haske ya fi.

"Baba, sannu da jiki. Abu kaɗan za ka faɗa mu tafi. Ka ce, mu dasa bishiya, mu ceci duniya."

Baba Iro ya motsa leɓe.

"Ruwa," ya ce. "Ku ba ni ruwa."

"Ka ɗauka?" Hajiya ta tambayi mai kyamara. "Madalla. Wannan ma ya yi, sai mu sa shi a wajen maganar ƙarancin ruwa."

Inna Tasalla, matar tsohon, ta ratsa tsakaninsu da moɗa ba tare da ta ce wa kowa gafara ba. Sabi'u ya riƙe kan har Baba ya kurɓa, ransa na tafasa, amma fuskarsa na ɗauke da wannan murmushin da ya koya tun da ya fara zama da manyan Gamayya.

Gamayyar dai haɗakar ƙungiyoyi ce masu fafutukar sauyin yanayi, ofishinta na Kano, Hajiya Munawwara ce shugabar kwamitin amintattunta. Sauran 'yan kwamitin duk masu baki ne, daktoci da lauyoyi, waɗanda suka fi sanin filin jirgi a kan hanyar Rogo. Da masu ba da tallafi daga waje suka ce lallai a sa mutumin karkara a kwamitin, sai aka ɗauko Sabi'u, malamin firamare a wani ƙauye da ke bayan Zoza. Aka ba shi kujera a can ƙarshen tebur, da sabon babur, da makullin kurmin Baba Iro, tunda katanga ɗaya ce ta raba gidajensu.

Shi kuwa kurmin, ba don duniya Baba Iro ya dasa shi ba, kuma bai taɓa cewa don ita ba ne. Tun yana saurayi aka binne ƙanensa, aka rasa itacen da za a jera a rufe ramin, sai aka yi da kara da fasassun tukwane. Damina na sauka kabarin ya rufta. Abin ya tsaya masa a rai, ya ɗauki gonarsa ta gado da ke jikin maƙabarta ya cika ta da darbejiya. Daga nan duk wanda ya mutu a garin, Baba Iro ne zai saɓa gatari ya saro itacen kabarinsa, ba ya karɓar ko goro. Mutum ne mai faɗa, ya sha korar yara da dutse, ya sha zagin masu akuya har iyayensu. Amma ba a taɓa jiran itace a garin ba. Masu gawayi sun cinye duk wata bishiyar kirki daga nan har Ruwan Bago, tasa kaɗai ta rage, saboda ba wanda ke son bakinsa.

Wannan koren ne ya jawo Gamayya. Suka zo da motoci, suka naɗa shi Gwarzon Muhalli, suka buga hotonsa a allo ƙato a mararrabar Ƙaraye. Suka kafa wa kowace bishiya lambar ƙarfe da ƙusa, suka ce ta sama ma ana ƙirga su da tauraron ɗan'adam. A ƙarshe suka zagaye wurin da waya mai ƙaya, suka sa ƙofa da kwaɗo, wai don kare masa wahalarsa. Lokacin ciwo ya riga ya fara kwantar da shi. Wani makiyayi da ya tsallaka ya sassabe wa shanunsa ganye sai da ya kwana a wajen 'yan sanda, kuma tun daga ranar kowa ya shiga taitayinsa. Mutum biyun da suka rasu bayan haka, da guntayen da Baba ya ajiye a bayan ɗaki aka rufe su, har suka ƙare.

Da motar Hajiya ta tashi, Inna Tasalla ta cire hular ta wurga ta kan buhun gyaɗa. Baba Iro ya kamo bakin rigar Sabi'u.

"Makullin nan yana wajenka?"

"Yana nan, Baba."

"Ka san bishiyar kusurwar gabas ɗin nan, wadda ta karkata wajen maƙabarta?"

"Na santa."

"Ban taɓa sarar ta ba. Kowa na ba shi daga sauran. Wannan tawa ce." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Kada ka bari a rufe ni da kara, Sabi'u. Na ga yadda yake yi."

"Haba Baba, wa ke maganar wannan? Za ka tashi."

"Kai dai ka ce to."

"To, Baba. In sha Allahu."

"Ka ji ya ce to," tsohon ya faɗa wa matarsa, kamar mai kafa shaida. Sai ya juya fuska bango.

Bai tashi ba. Ran Talata da hantsi Sabi'u na ɗaura wa babur jakar littattafai sai ya ji salatin Inna Tasalla ta kan katanga, ba da ƙarfi ba, sau ɗaya tak. Ya ajiye jakar. Kafin ya zagaya, mata sun fara shiga gidan da mayafai. Aka buga wa Shitu, ɗan marigayin, wanda ke gyaran babura a Ƙaraye, ya iso hannunsa duk baƙin mai. Bazara ce, irin wadda tun safe ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, don haka Liman ya ce a gaggauta, a yi komai kafin azahar. Masu haƙa suka wuce da diga da shebur. Masu wanka suka shiga. Shitu ya ɗauko gatarin ubansa daga bayan ƙyaure, shi da mutum uku suka bi Sabi'u zuwa kurmi.

A hanya ne Sabi'u ya yi abin da ba wanda ya sa shi. Ya ga ai bai kamata shugaba ta ji rasuwar Gwarzon Muhalli a bakin wani ba. A wajen nan sabis ba ya kamawa sai an hau wani tsohon suri da ke gefen shingen, don haka ya ce wa su Shitu su ba shi minti ɗaya, ya haye ya buga mata, makullin na cikin aljihunsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Hajiya Munawwara. "Kai, mun yi rashi. Allah ya sa mun samu bidiyon nan. Yaushe ne jana'izar? Ba za a iya kai ta jibi ba, mu taho da 'yan jarida?"

"Ranki ya daɗe, yanzu za a yi. Ga mu ma a bakin kurmi za mu sari itacen kabari."



"Za ku sari me?"

"Itacen da za a rufe shi. Reshe uku zuwa huɗu ne, daga bishiya ɗaya. Shi ya yi wasiyya."

"Malam Sabi'u, kada ka buɗe ƙofar nan. Ka ji ni? Ƙarshen wata masu tallafi za su turo a duba. Bishiya ɗaya ta canza kama, sai mun yi bayani a rubuce. Ni kaɗai ba ni da ikon ba da wannan izini, na kwamiti ne. Kuma ka san wanda makulli ke hannunsa shi ke da alhaki."

"Ranki ya daɗe, gawa ce ke jira."

"Na sani, ai ni ma Musulma ce. Ka tsaya a kan layi, yanzu zan haɗa kowa. Ba zai ɗau lokaci ba."

Daga kan surin yana ganin su Shitu a bakin ƙofa, yana ganin darbejiyar gabas ta sunkuyo kan shinge, yana ganin jar ƙasar da masu haƙa ke watsowa. Tsakanin bishiyar da ramin taku kaɗan ne. Ya taɓa makullin ta saman aljihu. Ya tuna makiyayin nan da yadda aka tura shi bayan mota. Ya tuna babur ɗin, wanda har yau sunan Gamayya ne a jikin tankinsa. Gaskiya ita ce tsoro ya ji, kuma ya ji ƙyamar kansa tun a lokacin, amma bai sauko ba.

"Yaya Sabi'u, miƙo makullin mana," Shitu ya ɗaga murya.

"Ina zuwa. Izini kawai za a ba mu."

"Izinin wa?"

Sabi'u ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata, saboda muryoyi sun fara shigowa.

Sai da aka gaisa tukuna. Aka tambayi iyali, aka tambayi hanya, aka yi wa wani barka da dawowa daga taro a ƙasar waje. Barista Zaharaddini, sakataren kwamiti, ya ce kafin komai sai ya tabbatar adadin mahalarta ya kai yadda tsarin mulkin Gamayya ya tanada, kuma saura mutum ɗaya. Aka shiga neman wani Dakta, aka ce yana cikin jirgi. Aka nemi wata Hajiya, aka ce tana wajen biki amma za ta fito waje. Da ta fito, ana jin kiɗa a bayanta, Barista ya ce to yanzu taro ya zauna.

"Ina ba da shawara," in ji Hajiya Munawwara, "mu fara da shiru na minti ɗaya don girmama marigayi."

Suka yi shiru. Sabi'u na tsaye a kan suri, rana na dukan tsakar kansa, waya a kunne ba mai magana, mutum huɗu a ƙasa sun zuba masa ido.

"Me suka ce?" in ji Shitu.

"Ba su ce komai ba tukuna."

"To me kake saurare?"

A garin nan in mutum ya mutu addu'a ake yi masa da baki, a ɗauke shi da hannu. Sabi'u bai taɓa jin kunyar wani abu kamar wannan shirun ba.

Da aka gama, Barista ya karanto abin da ke gaban taro. Wani ya ce kafin a shiga batun sara, ya kamata a amince a sa wa kurmin sunan marigayi. Kowa ya yaba. Sai gardama ta tashi a kan sanarwar ta'aziyya, tambarin wace ƙungiya zai zo a sama, tunda wata ta fi kawo tallafi, wata kuma ita ta fara gano tsohon. Mai bikin ta ce in aka sake danne ƙungiyarta kamar bara, ita za ta fice daga Gamayyar. Aka yi ta ba ta haƙuri.

"Jama'a, don Allah," Sabi'u ya kutsa. "An gama wanka. Itace kawai muke jira."

"Malam Sabi'u, a bi tsari," in ji Barista. "Ta hannun shugaba ake magana. Kuma tunda maƙwabcinka ne, kana da alaƙa da batun, don haka ba za ka yi ƙuri'a ba. Za ka iya saurare."

Wani mutum ya taho da sauri daga cikin gari ya yi wa Shitu magana a kunne. Shitu ya matso gindin surin. Idonsa ya yi ja, amma muryarsa a kwance take.

"Liman ya ce zafin nan ba na ajiye mutum ba ne. Za ka buɗe ko ba za ka buɗe ba?"

"Shitu, yanzu za su gama. Wallahi yanzu."

"Ko in sare wayar in shiga?" ɗaya daga cikin mutanen ya tambaya.

"A'a," in ji Shitu. "A ranar da zan binne ubana ba zan kwana a hannun 'yan sanda ba, in bar tsohuwa ita kaɗai." Ya dubi Sabi'u daga sama har ƙasa. "A gabanta ka ce masa to. Ita ta faɗa min."

Ya saɓa gatarin, suka juya cikin gari.

A waya kuwa an iso kan batun. Wani ya tambaya ko ba za a yi amfani da siminti ba. Wani ya ce subhanallahi, siminti ai ya fi komai ɓata yanayi, in 'yan jarida suka ji an rufe Gwarzon Muhalli da siminti an gama da su. Aka kawo shawarar a sayo gora daga Kano a aiko da mota, zuwa la'asar ta iso. Wata murya ta ce wannan al'adar ma ta rufe kabari da itace abin dubawa ce, ya kamata a shirya wa limamai taron bita a kai, a nemi tallafi. Hajiya ta ce a rubuta wannan, shawara ce mai kyau.

Waɗannan su ne mutanen da Sabi'u yake goge takalmi saboda su, yake aron babbar riga in za a zauna da su. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji an ce layinsa na kawo iska, Barista ya rufe masa murya daga can.

Daga cikin gari ya fara jin duka, ƙwal, ƙwal, kamar ana fasa wani abu. Bai kawo komai a ransa ba. Can kuma sai ya ji muryar Liman daga filin ƙofar gidan, "Allahu Akbar." Kabbara ta biyu ta zo lokacin da Barista ke karanta sharuɗɗa. Kafin ya yanke shawarar sauka an yi ta huɗu, an sallame. Mutumin da ya ɗauke shi a kafaɗa yana yaro ya kai shi kallon kasuwar Rogo, an yi masa salla Sabi'u na kan suri.

Ya duro, ya tura wayar aljihu ba tare da ya kashe ba, ya bi gefen shinge da gudu. Ya tarar an sauke makara, an sa Baba Iro a ramin, Shitu na ciki yana karɓar itace. Sabi'u ya kalli itacen ya gane su. Busassu ne, hayaƙi ya baƙanta su, ɗaya ma har da guntuwar igiyar da Inna Tasalla ke rataye ludayi. Ginshiƙan rumfar tsakar gidanta ne, inda take girki, inda take wuni.

"Ita ta ce a rushe," wani dattijo ya faɗa, ba Sabi'u yake kallo ba. "Ta ce mijinta ba zai kwanta a ƙarƙashin kara ba."

Itacen ba su kai ba. Aka jera su da tazara, aka cike tsakaninsu da fasasshen tulu. Ganyen da ake shimfiɗawa a kai ma sai daga wata sabara aka karyo, alhali darbejiyar gabas na zubo inuwarta har kan masu aikin. Sabi'u ya durƙusa a layin masu miƙa kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya buɗe hannuwa. Na kusa da shi ya tsallake shi ya miƙa wa na gaba. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ce masa ya tashi. Haka ya zauna da hannuwa a buɗe har aka tayar da kabarin, aka yi addu'a, aka shafa.

Ana watsewa ya ji aljihunsa na magana. Ya ciro wayar.

"Malam Sabi'u, kana ji? Albishir," in ji Hajiya Munawwara. "Kwamiti ya amince, ba wanda ya ƙi. Reshe ɗaya, kada ya wuce kaurin hannu. Ka ɗauki hoton bishiyar kafin a sara da bayan an sara, lambar ta fito sosai. Kuma ka ce wa iyalin ranar addu'ar uku za mu zo da riguna, a tanadi wajen da za a kafa allo."

"An binne shi, ranki ya daɗe."

"Au, har an yi? To da me aka rufe?"

"Da rumfar matarsa."

"Kai, alhamdu lillahi. Ka ga ashe akwai mafita. Barista, a rubuta ba a taɓa ko ɗaya ba."

Sabi'u ya kashe wayar. Maza sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan marigayi, Shitu na tsakiya yana amsa gaisuwa. Sabi'u ya zo daf da su, ƙafarsa ta ƙi tsayawa, ya wuce ya shige gidansa. Matarsa na can wajen makoki, gidan ba kowa. Ya tsaya a jikin katangar da ta raba su, wadda ba ta wuce ƙirjinsa ba, ya leƙa.

Rana ta take tsakar gidan Baba Iro gaba ɗaya. Inda rumfar take sai ramuka huɗu da tarin zana a gefe, murhu a fili, tukwane a fili. Matan da suka zo gaisuwa sun takure a 'yar siririyar inuwar bango, gwiwa na gugar gwiwa. Inna Tasalla ta tashi daga cikinsu, carbi a hannu, ta je ta taɓa randar ruwanta ta ji ta yi zafi. Ta kama bakinta da hannu biyu tana jujjuya ta a hankali zuwa jikin bango, ruwan na fantsalowa kan ƙafafunta. Kajinta kuwa sun taru a tsakanin ramukan nan huɗu, inda suka saba fakewa da azahar, suna tsaye cikin rana baki buɗe.